Zoben Bututun Ɗana da Rantsuwar Ranar Laraba

Zuwa ga jami'in da ke binciken takardun masu neman rajistar ƙirƙira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka, ina neman afuwa da na rubuto maka a fili inda kowa zai karanta. Ban san sunanka ba. Sa hannunka kawai na gani a ƙasan takardar da ta zo gidanmu, shi ma ban iya karanta shi ba. Ni mace ce mai shekara hamsin da huɗu, a Wurno aka haife ni, nan na yi sakandare, nan na yi aure. Ban taɓa rubuta wa hukuma wasiƙa ba. Tsoro ne ya sa na ɗauki biro.

Maganar ɗana ce. Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa na yanka ba, Magaji muke ce masa. Mai gyaran famfo ne, shekararsa talatin da ɗaya, da matarsa da 'ya'yansa. Takardarsa tana hannunka. Yana neman a yi rajistar wani zobe da ya ƙera na toshe mahaɗar bututun ruwa, a shaida cewa shi ya ƙirƙiro shi. Ranar Laraba mai zuwa zai shiga kotu ya yi rantsuwa a kan ƙarya saboda wannan takarda. Abin da nake son hanawa ke nan, kuma na rasa ta inda zan bi sai ta nan.

Na ɗaya: yadda aka yi zoben ya samu.

Bututan ruwan unguwarmu na ƙarfe ne, sun girmi Magaji, tsatsa ta gama da su. Shekara uku da suka wuce mutanen unguwa suka yanke shawara, maimakon a haƙe lunguna duka, a zura siririn bututun roba a cikin tsohon na ƙarfen, kamar yadda ake zura zariya a wando. Aiki ya yi kyau, sai wuri ɗaya: inda ake huda babban bututu a ja reshe zuwa cikin gida. A nan akwai 'yar rata tsakanin ƙarfen da robar. Sai aka riƙa naɗe wurin da yankin tsohuwar robar tayar babur a mai da ƙasa. Idan aka ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai ya tsotsi duk abin da ke kewaye da shi, kuma lungunanmu kwata ce ke bi ta kansu. In ruwa ya dawo, bokitin farko da wari yake zuwa. Muka saba, muna zubar da na farko mu sha na biyu.

Da daminar bara waccan jikata Saratu ta rasu, 'yar Magaji ta biyu, shekararta biyu da wata huɗu. Amai da gudawa ne, daga safiya zuwa la'asar ta washegari. Ni na riƙe ta a asibiti, ni na yi mata wanka. Ban ce ruwa ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Amma na san abin da ta sha, don ni na ba ta a moɗa.

Bayan an tashi zaman makoki Magaji ya rage magana. In ya dawo daga aiki sai ya zauna a zaure da guntayen bututu da wuƙa da zarto. Wata biyar yana haka, har na fara tunanin kansa ne ya taɓu. Daga baya ya fito da zoben roba mai leɓe biyu da abin ɗaurewa na ƙarfe. In an murɗa shi, leɓe ɗaya ya kama bututun roba ta ciki, ɗayan ya cike ratar ya manne wa ƙarfen. A gabana ya gwada. Ya dama shuni a baho, ya nutsa mahaɗar a ciki, ya yi ta ɗauke ruwa yana maidowa. Ko ɗigon shuɗi bai fito ta bakin famfo ba. Ranar na ga ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Na biyu: laifina, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Wani tsohon malaminsa na makarantar koyon sana'a ya ga zoben, ya ce masa ya ɓoye shi har sai ya shigar da takarda. Magaji ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, an ce in aje shi tukuna, kar kowa shi gani." Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce masa, kai da ka kai ɗiyarka maƙabarta da hannunka, Allah ya nuna maka maganin abin, sai ka tura shi ƙarƙashin gado kana jiran takarda, ɗiyan maƙwabta suna shan kwata? Wa ya yi maka wagga tarbiyya? A unguwarmu ko rijiya mutum ya haƙa a tsakar gidansa, ƙofarsa a buɗe take ga maƙwabta, haka muka taras haka muke. Ƙarshe na faɗa masa kalmar da uwa ba ta faɗa da wasa. Na ce in ya bar zoben nan ya yi mako a ɗakinsa, ban yafe ba.

Bai taɓa tsallake maganata ba. Ya tona ya sa wa gida goma sha huɗu da makarantar Islamiyya ta unguwa, kyauta, ladan ya tafi ga Saratu. Ban tsaya nan ba. Na jefa guda a jaka na tafi da shi suna a Rara, na miƙa wa mata suna karɓa hannu-hannu, ina cewa ɗana ne ya yi. Mijin ƙanwata da ke noman albasa a Kagara ya roƙi biyu don bututan ban-ruwansa, na sa aka ba shi. Na farko sadaka ce. Na Rara alfahari ne, Allah shi yafe mini. Sai bayan wata bakwai da duk wannan Magaji ya shigar da takardarsa.

Na uku: takardarka da abin da ta jawo.

Wata goma muna jira kafin ta zo. Da Turanci take, na karanta sau uku da ɗan abin da ya rage mini na makaranta. Tambaya ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: shin an taɓa nuna abin, ko an yi amfani da shi a gaban jama'a, kafin ranar da aka shigar da takarda? Kuma a ba da amsa da rantsuwar kotu.

Akwai wani mutum da ke bi wa Magaji takardun a birni, ba ma'aikacinku ba ne, ba kuma zan ambaci sunansa ba. Shi ya fassara masa cewa in ya amsa da i, zoben ya tashi daga sabon abu, takarda ta faɗi, kowane mai injin roba yana iya buga nasa ya sayar ba tare da ya gaishe shi ba. Sai ya ba shi shawara biyu. Ya rantse cewa babu wanda ya taɓa gani. Kafin nan kuma ya bi gidajen ya tone zobban duka ya mai da robar taya, don kada wani ya taso daga baya da hujja. Da kunnena na ji shi a waya yana dariya yana cewa, "Rantsuwar kotu ai takarda ce, Malam, kowa yana yi."

Ranka shi daɗe, ranar Asabar na fita za ni gaisuwa, sai na ga sabuwar ƙasa a ƙofar gidan Gwaggo Ige, tsohuwar da ke riƙon jikoki uku. Na wuce, na ga wata a gida na gaba. Da na dawo Gwaggo Ige ta tare ni ta ce, "Uwar Magaji, mi ya samu famfonmu? Ɗanki ya zo ya ce gyara zai yi, yau kuma ruwan da ɗan wari-wari." Ban san yadda na kai gida ba. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, an yi yayyafin farko a Magarya, mako biyu ko uku kwatocin nan za su cika su tumbatsa.

Na kira shi ɗaki na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce biyu ya cire, saura sha uku, in takarda ta fito zai mayar da su duka. Na ce yaushe? Wasiƙa guda sai da ta ɗauki wata goma. Damina nawa ke nan? Sai ya ɗago kai ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro, ya ce, "Inna, ke kika ja mini. Na bi maganarki na rasa. Yanzu ki bar ni in bi ta masu ilimi." Ya tashi ya fita. Tun ranar ba ya shigowa gaishe ni da safe, sai dai ya yi sallama daga ƙofa.

Ina jin tsoro, Yallaɓai. Ina tsoron in ji kuka daga gidan Gwaggo Ige in san hannun ɗana ne. Ina tsoron ya ɗora hannunsa ya kira sunan Allah a kan abin da gida goma sha huɗu suka san ƙarya ne. Mu nan ba mu ɗauki rantsuwa takarda ba. Na ga mutanen da suka yi ta, na ga yadda suka ƙare, ba sai na ba ka labari ba. Yaron da na hana ɗaukar ko ƙwayar gyaɗa a tiren wani, shi ne yau wani mai jaka zai koya wa cewa kowa yana yi.

Na huɗu: ƙorafina a kanku.

Ban ce dokarku ba ta da hikima ba. Wataƙila an yi ta ne don kada wani ya ɗauki abin da kowa ya sani ya ce nasa ne. Amma wa kuka faɗa wa? A wace rediyo, da wane harshe? Mai gyaran famfo a Wurno ko Rabah ko Goronyo ina zai ji ta, in ba a bakin irin mutumin da ke ce masa ya rantse ba? Kuma ka dubi yadda ta faɗo mana. Da Magaji ya yi rowa ya rufe bakinsa, ya bar yara suna shan ƙazanta, da yanzu takardarsa tsaf take. Da ya taimaki maƙwabci, shi ne aka ce abinsa ya tsufa. Tambayar da kuka aiko ba ta da wurin da mutum zai rubuta dalili. I ko a'a kawai. Ba ta tambayi ko sayarwa ya yi ko sadaka, ba ta tambayi wa ya tilasta shi ba. Ku da kuke zaune a ofis ku sani, irin wagga tambaya tana tura mutumin kirki bakin ƙarya, kuma Allah zai tambayi kowa abin da alƙalaminsa ya jawo.

Saboda haka ga amsar tambayarka, daga bakin wadda ta fi kowa sani. I, an yi amfani da zoben kafin a shigar da takarda. An sa shi a gida goma sha huɗu da makaranta ɗaya a Wurno. An nuna shi a taron suna a Rara. Yana aiki a gonar albasa a Kagara. Ni na ba da umarni, ni na yawata da shi. Duk takardar rantsuwar da ta zo maka da akasin haka, kada ka karɓa. Na faɗa a fili don kada tonon sauran ya yi wa kowa amfani, kuma kada ƙaryar ta sami wurin tsayawa.

Roƙona ga shi.

In akwai wata kafa a dokarku ga wanda ya ba da abinsa kyauta don ceton rai, ka duba masa ita. Ni ban sani ba, kai ne masani.

In babu, ka rubuto masa kai tsaye, da Hausa, ka gaya masa gaskiya ba ta bakin ɗan tsakani ba. Ka gaya masa kuma ko akwai wata hanya da za a san cewa shi ya fara yin abin nan, ko da ba zai hana wasu bugawa ba. Ina jin rabin ciwonsa ke nan.

Ka yi wannan kafin Laraba in da hali, ko kafin ruwa ya sauka sosai.

Sannan ku fita ku gaya wa masu sana'a wannan doka tun kafin su zo gare ku, da iyayensu ma, don irina suna da yawa.

Na san mi na yi. Mai yiwuwa da wannan wasiƙa na kashe masa takardar da ya sa rai a kanta, karo na biyu ke nan ina shiga tsakaninsa da ita. Ban gaya masa na rubuta ba. Zai ji ta ne a bakin mutane kamar kowa, kuma ban san da wace fuska zai shigo gidan nan ba, ko ma zai shigo. Ina tsoron wannan ma. Amma gara ya yi shekara bai gaishe ni ba da ya tsaya a kotu ranar Laraba. In ya zo yana faɗa, zan saurare shi har ya gama, sannan in miƙa masa shebur ya je ƙofar Gwaggo Ige.

Allah shi ba ka ikon yin adalci, shi tsare hannunka daga zaluntar wanda ba ka gani ba, shi raya maka zuriya, shi hana ka ganin ranar da za ka ba da shaida a kan ɗanka.

Wassalam.

Uwar Magaji,
Wurno.