Shuku Ba Ya Shiga Hular Roba

Gorton, Manchester
Fabrairu, 2013

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya ɗalibanka, yaya zafin Seychelles? Mu muna nan lafiya, sai tarin ƙanena Dung da ya ƙi tafiya. Mama tana gaishe ka. An mayar da ita aikin safe a gidan tsofaffi.

Wasiƙarka ta iso da hotuna. Na karanta wa Dung ina fassara masa, don ka san Hausarsa ta gudu. Ya fi son labarin jemagun nan masu girman kaza da maƙwabcinka yake dafawa da kwakwa. Baba, don Allah kada ka ci. Ni hoton da kake riƙe da jan kifi na fi so. Tun da aka rufe sashenku a kwaleji ka tafi koyarwa a wannan tsibiri, ban ga haƙoranka a waje haka ba.

Ka ce in mun zo hutun Agusta, tsohon da kuke kamun kifi tare ranar Asabar zai kai mu ƙaramin tsibirin manyan kunkuru, amma ba ya ɗaukar wanda bai iya iyo ba. Da Mama ta ji wannan sai ta ce to shi ke nan, ni da Dung za mu zauna a baranda mu sha ruwan kwakwa. Ka san dalili. Kawu Gamaliel, yayanta, da ruwan tsohon ramin haƙar kuza ya cinye a Bukuru suna yara. Saboda shi ko a firamare ba ta bar ni na bi 'yan ajinmu iyo ba. Ina zaune a benci da jakunkunansu.

Ban ce mata komai ba, ka san bakina. Amma kai zan gaya maka a takarda: ba zan zauna a baranda ba. Kai da furfurarka ka koya a can, ni ma zan koya a nan.

Gidan iyo na kusa da mu an rufe shi, an ce babu kuɗin gyara. Don haka na fara da robar wanke-wanke. Ina cika ta in tsoma fuskata in buɗe ido. Dung ya kama ni, na saye bakinsa da biskit.

Ka huta lafiya. Taka har kullum,
Kaneng


Balsall Heath, Birmingham
Afrilu, 2013

Babana,

Barka da Ista. Ina fata ka yi sujada lafiya, kuma kwakwar da ta fasa maka rufin kicin ba ta sake samun 'yar'uwa ba. Ina gidan Anti Yelwa, ƙanwar Mama, don hutu. Ita da mijinta suna gaishe ka.

Baba, na shiga ruwa.

Anti ce ta same ni da fuska a cikin robarta ta wanke shinkafa. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta buɗe durowa ta ciro hular roba da rigar iyo, nata na kanta. Ashe ta koya bayan ta haifi ɗanta na biyu, Mama ba ta sani ba. Ta ce ramin da ya hana Mama taɓa ruwa shi ne ya tura ta ita cikinsa.

Akwai wani tsohon gidan iyo a unguwarsu, mai tagogi kamar na coci. Shi ma ana ta raɗe-raɗin rufe shi. Suna da lokacin mata zalla. Matan Pakistan da na Somaliya suna zuwa da dogayen wanduna, wata tsohuwa 'yar Jamaika tana ta yi mana tsawa mu buga ƙafa. Ranar farko na sha ruwa har na ƙoshi, na riƙe bakin kwamin na ƙi saki. Yanzu ina kwanciya rigingine ruwa ya ɗauke ni. Kunnuwana suna ciki, ba na jin kowa, kuma ba wanda yake jira in yi magana. Ban taɓa samun wurin da ya dace da ni haka ba.

Matsala ɗaya ce. Shukun da Mama ta yi mini ya ƙi shiga hular, tsinin yana ture ta sama kamar murfin tukunya. Dole Anti ta tsefe shi. Ta ce kafin in koma za ta mayar mini da shi yadda yake, Mama ba za ta gane ba.

Na san za ka ce ɓoye wa uwa abu ba kyau. Na sani. Ka yi mini faɗan a wasiƙa, zan karanta duka, amma gobe ma zan je.

'Yarka,
Kaneng


Gorton
Mayu, 2013

Baba,

Ina gaisuwa. Ina fata ƙafarka da ƙayar teku ta soka ta warke. Ka riƙa sa takalmin roba kamar yadda tsohon ya gaya maka. Dung ya warke sarai, har ya fi ƙarfin biskit.

Mama ta gane tun a tashar mota, ban ma sauke jakata ba. Ta dubi kaina ta ce wannan ba hannunta ba ne, hannun Yelwa ne, don Anti bahaguwa ce, kitsonta yana karkata. Sai ta sunkuya ta shinshina gashina. Warin maganin ruwan bai fita ba. Daga nan muka hau bas zuwa gida.

A gida ta kira Anti a waya. Da yaren Berom suka yi faɗan, abin da na tsinta kaɗan ne, amma na ji sunan Kawu Gamaliel yana ta dawowa. Daga nan ta ce ni da Birmingham sai dai in ji a labari, kuma a tsibiri ko yatsana ba zai taɓa teku ba.

Baba, na yi magana. A kan tebur, muna cin tuwo. Na dube ta na faɗa. Na ce Anti ta gaya mini ranar da Kawu ya zame cikin ramin akwai yara da yawa a baki, har da manya masu wanki, kuma ba ko ɗaya da ya iya shiga. Na ce ni ba na so in zama mai tsayawa a baki in Dung ne a ciki.

Mama ta ajiye lomarta, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki. Na ji tana kuka. Ni ma na yi nawa a banɗaki. Na ba ta haƙuri don na sa ta kuka, amma ban janye maganar ba, kuma ba zan janye ba.

Na tsefe kitson Anti da kaina. Da Mama ta ɗauko mataji da man kitso ranar Asabar, na ce in shuku ne ba zan zauna ba. Tun ina ƙarama shi take yi mini, ta ce shi ya dace da fuskata. Yanzu da ɗankwali nake zuwa makaranta, 'yan ajinmu suna tambaya ko na musulunta. A coci wata dattijuwa, Mama Catherine, ta ja ni gefe ta ce yarinya mai uwa a raye ba ta yawo da kai kamar sheƙar tsuntsu. Na durƙusa na gaishe ta da kyau, na wuce da sheƙata.

Na ji ka ce a waya ba za ka shiga tsakaninmu daga nesa ba. Ba komai. Kada dai ka ce wa tsohon ba na zuwa.

Taka,
Kaneng


Gorton
Yuni, 2013

Babana na kaina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jarrabawar ɗalibanka? Mun ga hoton gadon da ka haɗa wa Dung da katakon kwalekwale. Ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Ranar Juma'a da yamma Mama ta dawo aiki, ko takalmi ba ta cire ba, ta ajiye matashi a ƙasa ta nuna mini tsakanin gwiwoyinta. Na buɗe baki zan yi gardama, ta ce in zauna kafin ranta ya ɓaci. Na zauna, wuyana a sandare.

Ka san shuku daga ƙeya da goshi ake jan sa zuwa tsakar kai. Ina jira in ji haka. Sai na ji tsinken ya tsaga daga goshi ya miƙe har ƙeya. Ya sake tsagawa, ya sake miƙewa. Ƙananan zane ne take yi, kwantattu, duk zuwa baya. Na yi kamar ban gane ba. Ta ja gashin da ƙarfi fiye da kullum, hawaye suna zubo mini, ban ce wayyo ba.

Tana cikin yi ta gaya mini abin da ko Anti ba ta faɗa ba. Ranar nan ita Kawu ya ba rigarsa ta riƙe masa. Da rigar ta koma gida. Ta ce har yau in ta ga ruwa mai yawa sai ta ji rigar a hannunta.

Da ta gama ta ce in kawo hular nan da na ɓoye a cikin takalmin sanyi, ashe ta san wurin. Ta sa mini da kanta. Hular ta zauna daram.

Jiya bas biyu muka hau zuwa wani gidan iyo da ba a rufe ba tukuna. Mama ta zauna a benci ta juya wa ruwan baya, ta rungume tawul ɗina. Na yi daga wannan baki zuwa wancan ba tare da na taka ƙasa ba, ko da yake na sha ruwa a tsakiya. Ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Amma da na fito ta ce ƙafata ta hagu ba ta bugawa sosai. Sai a lokacin na lura da gilashin ƙofar da ke gabanta, ashe ta cikinsa take kallona.

Ta ce ita dai baranda za ta zauna, kada kowa ya dame ta. Dung kuma iyonsa sai baɗi.

Ka gaya wa tsohon ya ajiye mini wuri a gaban jirgin. In yana shakka, ya jefa ni a ruwa ya gani.

Mama tana gaishe ka. Allah ya kai mu Agusta lafiya.

Ni ce 'yarka,
Kaneng