Olanma, Fim Ɗinmu Bai Ƙare Ba

Zuwa ga Olanma, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari,

Ina gaishe ki daga Guangzhou ta ƙasar Sin, daga ɗakin nan na saman shagon takalma a unguwar Sanyuanli, inda fanka take juya zafi ba ta korarsa. Na gaji, masoyiyata. Na gaji da kallonki a allo, in tsayar da ke, in mayar da ke baya, in ji numfashinki a kunnena, alhali ke kina can Aba. Wane irin hukunci ne wannan, a ba mai ƙishirwa hoton rijiya?

Kin tuna ranar da muka ɗauki wurin nan na fim ɗinmu a ƙarƙashin gada, ruwa yana zuba kamar an ɓula sama? Kina fitowa a matsayin mai kitson da ke kiran mahaifiyarta tana cewa komai lafiya, alhali ba ta da wurin kwana. Kika fara magana, muryarki ta karye, hawayen da ban rubuta ba suka zubo. Ah Keung, mai riƙe mana kyamara, ko kalma ɗaya bai ji a yarenmu ba, amma bai ɗauke kyamarar daga fuskarki ba. Sai kika share fuska da gefen gyalenki kika ce, "Oga darakta, ka samu abin da kake so ko? To a kawo shinkafa, kuka yana sa yunwa." Wayyo ni! A ranar na san na shiga inda ba fita.

Sai takardar zamanki ta ƙare, aka ƙi sabuntawa, kika tafi saura wuri ɗaya mu kammala. Sauran 'yan wasan ma sun watse, wasu birnin Yiwu, wasu gida. Mama Ejima mai abinci kullum sai ta ce, "Dubem, kai fa da taurin kai! Nemo wata mai tsayinta ka ɗauke ta ta baya, wa zai gane?" Na gwada, Olanma. Na sa wa wata yarinya rigarki, ta taka titi da jaka a hannu. Tsayin naki ne, kitson naki ne, amma tafiyar? Ke tafiyarki ta reshen gora ce a cikin iska, ki lanƙwasa ba ki karye ba. Na goge hoton tun kafin yarinyar ta cire rigar.

Saƙonki na ƙarshe ya ce kada in jira ki. Tun daga nan shiru. Ashe kogi yana iya daina jiran teku? Wa ya taɓa hana tsuntsu nufar bishiyar da ya saba kwana?

To ji abin da na yanke. A rubutuna na farko, mai kitson tana ɓacewa ne cikin cunkoson filin jirgi, shi ke nan. Yanzu ban yarda ba. Mutum ba ya ƙarewa a ƙofar jirgi. Akwai uwa da za ta tare shi, akwai maƙwabta masu leƙen jakarsa, akwai safiyar farko da zai farka bai san inda yake ba. Wannan zan ɗauka, kuma a Aba zan ɗauke shi. Gobe zan miƙa makullin ɗaki, Ah Keung ya ara mini ƙaramar kyamararsa. Na san idan na fita daga ƙasar nan da wuya a bar ni in dawo. Ƙuruciyata na zubar a garin nan, amma ba na jin ko ɗigon nadama.

Ina tafe, fitilar zuciyata. Ba da dukiya ba, ba da suna ba, sai gajiya da fim marar ƙarshe. Idan kin ce kin gama da wasan kwaikwayo, wallahi ba zan matsa ba. Zan ajiye kyamarar a bakin ƙofa, in shigo ni kaɗai.

Naki, muddin ina numfashi,
Dubem