Lasifika a Kan Tsamiya

Gwandu, 4 ga Maris, 1957

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Kalgo. Mu nan sai godiya.

Bayan haka, na ji yaron nan ya sauka gidanki, ya kama rumfa a bakin kasuwa yana gyaran rediyo, yana ba da hayar lasifika. Abin da karatun kwalejin Zariya ya haifa ke nan? An ba shi aiki a Kaduna, ya ce shi kansa zai yi wa aiki. Ni na yi kwalejin Katsina, na tsufa a kan teburin ofis, ina ji ina gani ana tsallake ni ana ɗora 'ya'yan manya. Na ce shi zai share mini hawaye. Ga shi ya zama maƙwabcin masu facin keke.

Kin san ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba na zama in yi magana da shi. Tun rasuwar matata Azumi ke ce uwarsa. Ki ja masa kunne. A nan ina ce wa mutane yana Kaduna, kada ki ƙaryata ni.

Ni ne yayanki,
Abdulgani

Gwandu, 22 ga Afrilu, 1957

Lauratu,

Ina gaishe ki da gida duka. Yaya zafi?

Jiya aka yi saukar karatu a gidan Malam Khalilu, aka ɗauko mai lasifika daga Kalgo. Ina zaune cikin dattawa, sai na hango shi a kan tsamiya, wayar lasifika a baki, wando duk baƙin mai. Da ya sauko ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Mika'ilu abokin wasana ya ɗaga murya yana tambaya ko wannan ne babban ma'aikacin Kaduna. Na kau da kai, na ce ban san shi ba.

Dattawa suka yi dariya, suna yaba mini, wai ga mai kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya san wace kunya ce.

Kin san Malam ya tsufa, na kusa da shi ma da ƙyar suke jinsa. Jiya muryarsa ta shiga cikin gida wurin mata, ta kai har bakin rijiya. Da aka shafa fatiha ya sa wa wanda ya haifi yaron nan albarka. Na ce amin, kamar baƙo.

Tun jiya ban fita ƙofar gida ba.

Naki,
Abdulgani

Gwandu, 6 ga Mayu, 1957

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonki ya iso. Kin ce yana neman mai sayen batura da lasifika, zai bi motar goro zuwa Kumasi ranar kasuwa, tun da ya zame mini abin ɓoyo.

Na je wurin Mika'ilu da sauran dattawa, na faɗa musu babu wani Kaduna, kuma ba kawaici na yi ba ran nan. Wannan karon ba wanda ya yaba mini.

Rediyona lafiyarsa lau, amma yau na sa wuƙa na yanke wayar bayansa. Yana bukatar mai gyara, kuma a zaure nake so a gyara shi, da rana, inda masu wucewa za su gani.

Na san ba ki karatun boko, Lauratu. Na kuma san wanda ke karanta miki wasiƙu, tun ta farko ma na sani. To, ya ci gaba da karantawa.

Siddiƙu, kada ka tafi.

Ni ne mahaifinka,
Abdulgani