Katikis Istifanus Manu Wagini Ya Bar Mana Fitila

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga nufin Allah Maɗaukaki wanda ya ba da rai ya kuma karɓi abinsa, Ƙungiyar Katolika ta Reshen Noma da Kiwo na Jami'a, da ke kan hanyar Safana zuwa Zakka, tana sanar da Mai Girma Bishop, da Rabaran Fada mai kula da mu, da Shugaban Reshe da malamansa, da masu girma Hakimai, Dagatai da Masu Unguwanni na ƙasar Batsari da Safana, da ɗalibai na yanzu da na da, da dukan jama'a, cewa ta sami labarin rasuwar ubanta kuma katikis ɗinta na farko, wato mai koyar da addini, Baba Istifanus Manu Wagini, wanda Allah ya yi wa cikawa da hantsin ranar Alhamis, 10 ga Nuwamba, 1977, a gidan mahaifinsa da ke Wagini, bayan jinyar kwana goma sha bakwai, yana da kimanin shekara sittin da biyar a duniya.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Mama Kande Monika, da 'ya'yansa huɗu da jikokinsa, da ƙanensa Malam Haliru, malamin makarantar allo a Wagini, da ƙanwarsa Inna Zuwairatu ta Zakka. Muna kuma yi wa Malam Haliru godiya ta musamman, domin da aka fara raɗe-raɗin inda za a binne Kirista a garin da babu maƙabartar Kirista, shi ne ya ɗauki sandarsa ya nufi gonar gado, ya nuna gindin wata bishiyar ƙirya, ya ce: "Addininsa nasa ne, amma ƙasar ubanmu ta mu biyu ce. Ku haƙa nan." Nan aka haƙa, nan aka kwantar da shi ranar Juma'a da safe.

An haifi marigayi a Wagini. Ya tafi haƙar kuza ƙasar Jos yana saurayi, can aka yi masa baftisma, can ya koyi karatu, can kuma ya auri Mama Kande. Da aka buɗe wannan reshe a 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ya dawo gida aka ɗauke shi mai horar da shanun noma. A takardun jami'a, har ranar da ya bar aiki, sunansa lebura. A wurinmu kuwa shi ne mutumin da ya tara Katolika tara a gindin tsamiya ranar Lahadi ta farko, ya buga tubalin wannan coci da hannunsa, ya kuma kafa al'adar da ke riƙe da mu har yau: duk ɗalibin da ya dawo daga hutu ya zo da mudun hatsi, a yi tuwo bayan sujada, kowa ya ci a kwano ɗaya, malami da ɗalibi da mai gadi. Ɗaliban kudu da suka zo ba su iya Hausa ba za su tuna cewa bai taɓa fara koya wa kowa addu'a ba sai ya tabbata ya iya gaishe da dattijan Zakka, ya durƙusa, ya tambayi gida da gona da shanu har ƙarshe ba tare da ya duba agogo ba. Yakan ce: "Ɗana, in ba ka iya gaida wanda kake gani ba, me za ka ce wa wanda ba ka gani?"

Amma abin da ya kamata kowa ya sani game da Baba Manu shi ne fitila. Ga waɗanda ba 'yan Katolika ba, bari mu yi bayani. A kowace cocinmu akwai ƙaramar fitila mai jan gilashi kusa da bagade, wato teburin da Fada ke sujada a kai, wadda ke ci dare da rana, alamar cewa akwai Gurasa Mai Tsarki a cikin akwatin da ake ajiye ta. In babu Gurasa, ƙa'ida ta ce a kashe fitila. Tamu da man gyaɗa take ci, lagwaninta na auduga ne da Baba Manu ke murzawa a cinyarsa. Man kuwa, tun daga makon farko, Inna Zuwairatu ce ke kawo shi. Musulma ce, mai sana'ar ƙuliƙuli, kuma shekara goma sha shida ke nan duk ranar Talata tana tahowa a ƙafa daga Zakka da kwalbar man farko. Ba ta taɓa shiga cocin ba. Takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ga manka," ya fito ya karɓa, su gaisa, ta juya.

A shekarar 1966 abin da kowa ya sani ya faru, abin da har yau ba a son faɗa da babbar murya. Tarzoma ta sa 'yan kudu suka gudu, cikin mako guda mutum arba'in da bakwai da ke sujada a nan suka koma huɗu. Shekarar da ta biyo baya Fadan da ke ziyartarmu shi ma ya tafi, kuma kafin ya tafi ya ɗauke Gurasa, ya kashe fitila, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Baba Manu ya sake kunna ta. Shekara uku tana ci a gaban akwatin da babu komai a ciki. A shekara ta biyu wasu ma'aikata suka zo da takardar gine-ginen da babu masu su, don a mai da su ɗakin ajiye takin zamani. Suka leƙa, suka ga daɓe a share, fitila tana ci, babbansu ya ce, "Wannan akwai masu shi," suka wuce. Da yaƙin basasa ya ƙare aka turo mana sabon Fada, matashi, mai karatu, ya buɗe akwatin ya ga wayam, ya fara yi wa dattijon bayanin kuskurensa cikin ladabi, har da ambaton littafi da shafi. Baba Manu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce: "Fada, na san babu kowa a akwatin. Na kunna ne don wanda ya dawo ya san akwai kowa a gidan." Mutum goma sha tara ne suka dawo cikin waɗanda suka tafi. Da yawansu sun gaya mana cewa sun tsaya daga nesa suna tsoron abin da za su tarar, sai suka hango jan haske ta taga.

Al'adar saƙon ta'aziyya ita ce a yabi mamaci, a yi wa masu rai addu'a, a sa hannu. Wannan ƙungiya ba za ta tsaya nan ba, domin akwai abin da ta yi wa wannan dattijo wanda ba za ta rufe shi da kyawawan kalmomi ba. Bara muka buga ɗan littafin tarihin shekara goma sha biyar na wannan coci, shafi talatin da biyu. Akwai sunan kowane Fada, da kowane shugaban ƙungiya, da digirinsa, har da sunan kamfanin da ya sa mana wayar lantarki. Sunan Istifanus Manu ya fito sau ɗaya, a ƙasan wani hoto, an rubuta "mai shara." Mutum shida ne suka duba littafin kafin a buga, dukansu masu digiri, kuma mai sa hannu a wannan saƙo tana cikinsu.

Wannan ma ƙarami ne. Ranar 24 ga Oktoba ciwo ya kwantar da shi aka kai shi Wagini, Mama Kande ta bi shi. Tun da arzikin man fetur ya kawo mana injin lantarki, cocinmu yana da ƙwai shida na wuta masu hasken da ke kashe ido. A ƙarƙashinsu muka yi sujadar Lahadi biyu, mu fiye da ɗari, muka rera waƙa, muka yi wa Baba Manu addu'ar samun sauƙi da sunansa, kuma babu ko mutum ɗaya da ya kai idonsa gefen bagade. Mai ya ƙare, lagwani ya ƙone, fitila ta mutu. Abin da yaƙi bai kashe ba, mu muka kashe shi, cikin zaman lafiya da ƙoshi. Ranar Lahadi 6 ga Nuwamba na je Wagini gaishe shi. Bayan gaisuwa ya kama hannuna ya ce, "Malama, fitila fa?" Na ce masa tana ci. Ban duba ba. Na ɗauka wani ya duba, kamar yadda kowannenmu ya ɗauka.

Inna Zuwairatu ce ta gano. Talata biyu tana wurin jinyarsa ba ta zo ba. Ranar Talata 8 ga wata ta taho da kwalbarta, ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta leƙa. Daga nan ta miƙe sai laburare, inda nake aiki, ta tsaya a tsakanin teburan ɗalibai, ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta ce: "Malama, ku da kuka karance littattafan nan duka, ina wutar yayana?" Na tashi daga teburina. Ni da ɗalibai uku muka bi ta. Babu wanda ya iya murza lagwani a cikinmu. Tana tsaye a waje tana gaya mana yadda ake yi, muna ciki muna ɓata auduga, sai a karo na biyar wuta ta kama.

Mun roƙe ta kada ta gaya masa. Ta ce ita ba ta taɓa yi wa yayanta ƙarya ba, ba kuma za ta fara ba don ta rufa wa masu boko asiri. Ta koma Wagini ta gaya masa komai: fitila ta mutu kwana da kwanaki, an kuma kunna. Mama Kande da Malam Haliru suna zaune, su suka ba mu labari. Baba Manu ya ɗago ido ya dube ta. Sannan ya ce, "Wa ya kunna?" Ta ce malamar littattafai da ɗalibai uku. Ya ce: "Ba ni ba?" Ta ce ba kai ba. Sai ya yi murmushi ya ce: "Madalla. Shekara goma sha shida ina jiran wannan." Bayan kwana biyu ya cika.

Saboda haka Majalisar Ƙungiya ta zauna ranar Lahadi da ta wuce, ta yanke cewa daga yanzu kowane mako mutum biyu ne za su kula da fitila, malami ɗaya da ɗalibi ɗaya, safe da yamma, kuma za a fara ne daga waɗanda suka fi yawan digiri a sauko ƙasa. Mama Kande ta yarda za ta koya mana murza lagwani bayan ta gama zaman makoki, ta ce kowa ya zo da audugarsa. Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a sayi jan ƙwan lantarki kamar yadda ake yi a manyan coci-coci na birni, a huta. Majalisa ta gode masa ta ƙi. Ƙwan lantarki ba ya bukatar kowa, mu kuwa mun ga abin da muke zama in babu abin da ke bukatarmu. Za a sake buga littafin tarihi, sunan Katikis Istifanus Manu Wagini a shafin farko. Tuwon Lahadi yana nan yadda ya bar shi, kuma muna tunatar da ɗaliban da suka fara zuwa hannu banza cewa mudu bai canja girma ba.

Abu ɗaya ya rage wanda Majalisa ba ta da ikon yankewa, wato mai. Inna Zuwairatu ba don coci take kawowa ba, ta sha faɗa, don ɗan'uwanta ne, shi kuma ya tafi. Ba mu da bakin roƙonta. Da muka je gaisuwa Wagini, tana rakiyarmu zuwa ƙofar gida, ita ce ta ɗauko maganar. Ta ce: "Talata ku fito bakin ƙofa. Ba zan tsaya ina kiran wanda ba ya nan ba. Ku riga ni zuwa." Jiya Talata. Da ta ɓullo ta hanyar Zakka da kwalba a hannu, ta tarar da mutum ashirin da uku suna tsaye a rana suna jiranta, har da Shugaban Sashen Kiwo da ya baro aji. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ashe kuna da yawa." Ta miƙa kwalbar ga wata ɗaliba 'yar shekarar farko, ta ce mata ta riƙe da hannu biyu.

Za a yi sujadar tunawa da marigayi ranar Lahadi, 11 ga Disamba, da ƙarfe tara na safe, kuma muna gayyatar 'yan'uwansa na Wagini da Zakka da maƙwabtanmu makiyaya zuwa cin tuwo a gindin tsamiya bayan an tashi. Muna roƙon Allah Mai jinƙai ya karɓi bawansa Istifanus, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa ta har abada cikin haskensa. Allah ya ba Mama Kande Monika, da 'ya'ya da jikoki, da Malam Haliru, da Inna Zuwairatu, haƙuri da ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi. Mu kuma Allah ya gafarta mana, ya ba mu idon dubawa.

Ga duk tsohon ɗalibin da wannan saƙo zai iske a Ikko, ko Inugu, ko Kaduna, ko ƙasar waje, wanda zai so ya yi tambayar da Baba ya yi mini: tana ci. Yau da safe na duba da idona.

Malama Lami Agnes Sodangi
Sakatariya kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Katolika
Reshen Noma da Kiwo na Jami'a, Hanyar Zakka
Laraba, 16 ga Nuwamba, 1977