Mutum Uku Suka Hana Mu Hanya

Kusumpada, farkon damina

Zuwa ga 'yata Minati,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki da uwar mijinki. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun daina kumbura? Mu nan lafiya, sai gwiwar babanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na yi furfura na fara riƙe alƙalami.

Na ga saƙonki cewa za ki zo ki yi haihuwar fari a ɗakina, kamar yadda kowace 'ya take yi. Na share ɗakin, na ware miki tsohuwar shinkafa. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Ba za a yi mana hanya ba. Takardar tana manne a bangon ofishin ƙauye, ni da kaina na karanta har sau uku. Sai ƙauyen da ya kai mutum ɗari biyar ake yi wa kwalta. Mu ɗari huɗu da casa'in da bakwai aka rubuta, tun ƙidayar shekara tara da suka wuce. Mutanen ƙauyen Talpali, da ba su kai mu gidaje ba, yanzu bas na tsayawa a bakin rijiyarsu.

Kin tuna makon ƙidayar? Jarirai huɗu ne a ƙauyen nan ba su cika kwana ashirin da ɗaya ba, ba a raɗa musu suna ba. Kin san ba ma ƙirga irinsu, don kada baki ya kama su. Ɗaya a ciki ɗan yayanki ne, wato ɗan Bidyadhar. Ni na tsaya a bakin ƙofa, jaririn na tsala kuka a ɗaki, na ce wa mai ƙidaya mu shida ne. Ya ce, "Inna, wannan kukan fa?" Na ce, "Kyanwa ce." Ya yi dariya ya rubuta shida.

Na je wurin shugaban ƙauye na ce a sake ƙirga mu, yanzu mun haura ɗari shida. Ya ce, "Sulochana, karatun tsufa ya zame mana fitina. Ke kika ce kyanwa ce, kuma gwamnati ba ta yi wa kyanwa kwalta. Ki jira wata ƙidayar." Mazan da ke wurin suka kwashe da dariya. Matansu ma abin da na yi suka yi.

Ki dakata tukuna, kada ki ɗaure kaya. Ki gaishe da kowa.

Uwarki,
Sulochana

Kusumpada, tsakiyar damina

Minati 'yata,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da abin da ke cikinki kuna lafiya.

Kin rubuto cewa za ki zo ko da ƙafa ne, don uwar mijinki ta fara habaici. To, saurara. Ranar Talata naƙuda ta gardama wa Jhunu, matar ɗan maƙwabciyarmu Kuntala. Maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon igiya, tafiyar awa uku a cikin laka. Suka tarar rafi ya cika. Tun hantsi suna bakin ruwa, suna hango motar asibiti a tsallake, direban na ɗaga musu hannu. Da yamma ta haihu a nan kan yashi. Namiji ne, bai yi kuka ba. Ita tana nan da rai, amma ba ta magana da kowa.

Ni na riƙe mata kai, Minati. Fuskarki nake gani.

Kada ki zo. Ki haihu a can birnin Sambalpur, kusa da likita. Na san za a ce uwarki ta ƙi ki a haihuwar fari, za a goranta miki har a wurin biki. Ki bar su su faɗa, ni ma ba zan musa ba. Ba ni zan yi miki wankan jego ba, ba ni zan fara ɗaukar jikana ba, kuma na yarda.

Na san taurin kanki, irin nawa ne. Shi ya sa na sa babanki da Bidyadhar suka rantse mini: ko kin iso bakin rafin kina kiran sunana, babu wanda zai haye da ke.

Ki ci abinci sosai.

Uwarki mai ƙaunarki,
Sulochana