Saiwar Albasa da Rijiyar Baba

Zuwa ga ƙanwata Raihanatu, a Yamai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan Azarori lafiya lau muke. Inna tana fama da gwiwa tun shigowar ɗari, amma kullum sai ta taka zuwa garka, lambun albasarmu. Matata Saudatu ta warke sarai, albasar bana kuma ta yi kyau.

Maganar rijiyar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya ruɗewa nake yi. Kin san tun da ruwan damina ya kwaso gwangwanayen maganin feshi daga ƙorama ya bi ta garkarmu, hankalina bai kwanta da ruwanta ba. Maƙwabta suna cewa a cike ta da ƙasa. Inna kuwa ta ce ruwan pampo ba shi kashe mata ƙishirwa, ita na rijiyar mijinta za ta sha har ta bi shi.

Na yi gwajin da kika koya mini. Na zaɓo albasa masu girma ɗaya daga rudu, inda muke ajiyarsu, na ɗora kowace bisa bakin kofin gilas, gindinta yana taɓa ruwa: rabi na rijiya, rabi na pampo. Gwajin farko bai kai ko'ina ba, don Inna ta iske su jere bisa taga, ta ce ba ta taɓa ganin magidanci yana shayar da albasa a kofin baƙi ba, ta yanke su a miya. Ba ta gaya mini ba sai da na ci na ƙoshi.

Ina jera na biyu sai na tuna kolejinmu na Madawa, da malaminmu Mushe Barmo mai koya mana siyans, wato kimiyya. Ranar da ya kawo mikroskop, na'urar ganin ƙananan abubuwa, dukanmu muka yi layi bayan idonta guda. Ya yanke kan saiwar albasa, ya ɗiga mata jan launi, ya ce mu duba ƙwayoyin halitta suna rabuwa, ɗaya ta koma biyu, da haka saiwa take tsawo. Na ga ƙananan ɗakuna jere kamar tubalin gini, wasu da zare-zare suna jan juna zuwa gefe biyu. Da na dawo gida na iske Baba yana jan guga, ke kina riƙe da ƙarshen wasar, igiyar gugan, kamar ke ce mai ja. Na ba shi labari, ya yi dariya, ya ce ashe albasar da yake ba ruwa ta riga shi shiga lakwal, makarantar boko. Ke kika bi wannan hanya har laboratuwar, ɗakin gwaje-gwaje, ni na tsaya bakin rijiyar.

To, ga abin da na gani. Na pampo sun fidda saiwa fara, doguwa, a miƙe. Na rijiya gajeru ne, sun lanƙwashe, kansu ya yi duhu. Na ce ko rana ce ta fi bugun wasu, na sauya musu wuri. Na ce ko kofunan ne, na sake wankewa na maimaita. Kowace safiya ina auna tsawonsu da regil ina rubutawa, ina fatan kuskurena ne. Bai sauya ba.

Na rasa yadda zan gaya wa Inna, sai kawai na ajiye kofi biyu gabanta. Ta daɗe tana kallo. Daga baya ta ce ta yarda ta sha na pampo, amma muddin tana numfashi ba mai zuba ƙasa a ramin da Baba ya gina da hannunsa. Ita ta sa aka fiddo tsohuwar ƙofar ɗakinsa, muka rufe bakin rijiyar, ta ɗora dutse da kanta.

Na yanke kawunan saiwoyin na sa su cikin ruwan alkol da binegar don kada su lalace, yadda kika ce, kwalba biyu, kowace da alamarta. Zakariya'u ɗan kawu zai kawo miki a kar, motar fasinja. Kin ce za ki ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa cikin kowace, ki duba ko zarensu ya kakkarye, kuma idan gubar ta taƙaita ga ruwan da ke ciki, ana iya kwashe shi a sake gwadawa. Wannan kalma taki ita nake riƙe da maƙwabta da ita.

Ki gaishe mini da Mahamud, da Husna, da Ali sarkin rigima. Saudatu tana gaishe ki. Inna ta ce in kin ƙirga ki sake ƙirgawa, ki tuna da ruwan nan aka yi miki wankan farko.

Naki yaya,
Abdulwahab