Ƙarshen Wasan da Ka Tafi da Shi

Zuwa ga yayana, Malam Sa'idu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙane ga wansa, ina fatan makwancinka da sanyi. Ɗanlami ne, wanda kake kira Alhajin kujerun roba. Na san jama'a za su karanta wannan. Su karanta, amma da kai nake.

Tun da muka kai ka a shekarar korona ban samu zama ba. Ana buɗe makarantu hedimasta ya aiko a kira ni. Wai ƙungiyar wasan kwaikwayon da ka kafa ta zama marainiya, in ba ta yi wasa kafin hutu ba zai soke ta, ɗakinku ya koma sito. Ka san hali. Sakandare kaɗai na yi, ita ma da ƙyar, amma daga unguwar Nima har ta Maamobi da wuya a yi aure ko suna ba a ƙarƙashin rumfata ba, kuma ba wanda ya ɗora ni a kan sana'ar. Na bugi ƙirji na ce a bar min.

Ashe ban san nauyin da na jajibo ba. Kai ba ka rubuta wasa. Kullum cewa kake, "Takarda ba ta numfashi, Ɗanlami." Ɗan ajin ƙarshe ne ke tsai da ƙarami a gefensa, ya faɗa, yaro ya maimaita, har maganar ta zauna a bakinsa kafin babban ya bar makaranta. Cutar nan ta tsinke igiyar. Manyan sun dawo da takunkumi a fuska, suka rubuta jarrabawa suka watse, ba su miƙa wa kowa komai ba.

Sai na shiga farautarsu, don a bakinsu wasanka na ƙarshe yake. Wanda ke fitowa a direban trotro, motar hayar nan, a unguwar Old Fadama na tsinto shi yana sauke doya. Mai fitowa a matar da ke ba shi hayar ɗaki kuwa abinci take sayarwa a mahaɗar Kawukudi. Ina tambayarta ta saki ludayi, ta riƙe ƙugu, ta zazzage min masifar da ka koya mata, har masu saye suka fara ba ta haƙuri a madadina. Na yi dariya, na koma mota hawaye ya ƙwace min.

Da yake an hana cunkoso a ɗaki, rumfunana da suka yi ta zaman banza na kafa a filin makaranta, na ja kujeru nesa-nesa. Duk Asabar in kwaso manyan su koya wa ƙanana.

Komai ya haɗu, ban da ƙarshe. Wasan sabo ne, kai kuma ba ka faɗin yadda labari zai ƙare sai ana gobe za a fito, wai kada idon yara ya tona asiri. Inda ka tsaya, an kori direban daga ɗaki, kayansa a waje. Daga nan fa, Yaya? Na tambayi matarka, na tambayi abokan shayinka na unguwar Kanda. Ba wanda ya sani.

Na tsara nawa: direba ya yi arziki, ya dawo ya saye gidan. Rukayya, yarinyar da ta gaji mai ba da haya a wasan, ta dube ni ta ce wannan tarihina ne, ba wasan Malam ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita na zaga filin, na dawo na ce to su kawo nasu. A nasu bai yi arziki ba. Maƙwabta ne suka ɗebe kayansa, kowa ya shigar da abu ɗaya ɗakinsa, suka raba masa wurin kwana.

Jiya hedimasta ya leƙo gwaji. Ya tsaya har aka gama, ya ajiye min makullin ɗakinku a kan kujera, ya wuce. Ƙungiyarka ta tsira.

Duk da haka na kasa zama. Ban san ko haka ka nufa ba, kuma babu inda zan je in ji. Asabar, ranar wasan, zan tsaya a baya wajen lasifika, in saurari yadda labarinka zai ƙare a bakin yaran da wasunsu ko fuskarka ba su sani ba. In mun kauce, ka yafe mana, ɗan'uwana.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka koyar ya bi ka da lada. Ya haɗa mu a Aljanna.

Ƙanenka mai taurin kai,
Ɗanlami